Kanarin da Ya Fi Ƙarfin Kejinka

Malam mai kanari, ajiye geron nan ka zo mu yi gardama. Ka ce ka san kanari ciki da bai, tun kana yaro keji ke rataye a zaurenku? To, ga tsuntsu mai launin makuba, tsawonsa taƙi guda, wajen santimita 20, baki kakkaura kamar na aku. Mene ne sunansa?

Ka ce ko ma mene ne, ba kanari ba ne? Ka faɗi warwas! Shi ne kanari mafi girma a duniya, kuma ba ya ko'ina sai kurmin tsibirin Sawo Tome, can cikin teku kudu da Najeriya. Mutanen wurin anjolo suke ce masa.

Na ji ka kana gunaguni, wai kanari rawaya ne. Wa ya ba ka wannan fatawa? Amma kada kunya ta kashe ka, masana ma sun sha ƙasa. Fiye da shekara ɗari suna raba shi da danginsa, sai a 2017 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ɗan'uwan naka ne na jini. Na kejin nake nufi, kada ka harare ni.

Ka ce sai ka je ka gani da idonka? Sannu gwani. Wani Bafotugale, Francisco Newton, ya samo guda uku tsakanin 1888 da 1890. Daga nan tsuntsu ya yi ɓatan dabo, ba a sake sa shi a ido ba sai 1991. Biyu daga cikin ukun ma gobara ta cinye su a gidan tarihi na Lisbon a 1978. Kai kuma da hutun kwana uku kake son ya zo gaisuwa?

Na ma san inda za ka zame. Yana da wani ƙane, shi ma ruwan ƙasa, da ya cika tsibirin. Kana ganinsa za ka hau murna kana kiran gida. Tsaya, dubi baki. In ɗan ƙarami ne irin wanda ka saba gani, ƙanen ne. Yayan kuwa, kansa ƙato ne, jikinsa ya fi ja, bakin nan kamar an ara masa, kuma can ƙololuwar itatuwa yake harkarsa, sai wuyanka ya ƙage.

Ka ce in ka dace za ka taho da ɗaya? Haba Malam! Waɗanda suka rage, a ƙiyasi, ba su kai 250 ba. Keji dai bar shi a zaure.