Kwarkwasa Ba Ta San Ɗan Jami'a Ba

Muna aji uku a sashen nazarin tsirrai aka ce za a kai mu Gandun Dajin Kuros Riba, mu ga kurmi da idonmu tunda mun gaji da zana shi a takardar jarrabawa. Malaminmu, Dakta, ya raba mana jerin kayan da kowa zai tanada: dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama, rigar ruwa, doguwar safa, da fensir. Har layi biyu ya ja a ƙarƙashin fensir. Na karanta na yi dariya. Ni fa Bakatsine ne, na yi kiwon awaki tun ban iya ɗaura mazagi ba, kunama ta harbe ni, ƙaya ta san tafin ƙafata. Wane daji kuma za a koya mini? Da kuɗin takalmin roban na sayi baƙin tabarau da farin kambas, domin na yi wa ƙannena alkawarin hoto da gwaggon biri, kuma bai kamata a ga mutum kusa da babbar dabba cikin shigar mai noman rani ba.

Muka bi ta Lafiya, muka haye Binuwai a Makurdi, sai Gboko, Ogoja, Ikom. Daga nan ban sake ganin tsirarar ƙasa ba, har jikin katanga ganye ya tsiro. A Akamkpa, inda hedikwatar gandun take, aka haɗa mu da jagora, ɗan yankin, wanda ya taɓa zaman Sabon Garin Kano, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ce a 1991 aka kafa gandun, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 4,000, kuma ɓangare biyu ne: Okwangwo daga arewa, da Oban inda za mu shiga, wanda ya yi iyaka da gandun Korup na Kamaru. Ruwan da ake yi a Oban a shekara yakan haura milimita 3,000. A garinmu in aka sami 700 sai a yi ta yi wa juna barka da damina.

Na ɗaga hannu na tambayi ƙarfe nawa gwaggon biri yake fitowa.

Ya dube ni, ya dubi kambas ɗina. Ya ce, "Malam, ba ya nan Oban. Yana can Okwangwo da duwatsun Afi da Mbe, kuma irinsa duk duniya ba su wuce 300 ba. Masu bincike sai su yi wata da watanni suna bin sawunsa, iyakar abin da za su gani makwancinsa da kashin da ya bari. In hoto da kashin kake so, wannan ana iya shiryawa."

'Yan matan ajinmu suka tuntsire. Na shanye.

Shigarmu kurmin ke da wuya sai dare ya yi da hantsi. Dakta ya ce hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 2 cikin 100 ba, sauran duk ganyen sama ya tare. Ni da baƙin tabarau, kashi biyun ma ban samu ba, sai da na yi karo da saiwa na rungumi laka sannan na cusa shi a aljihu. Zafin wurin ba irin namu ba ne da za ka fake a inuwa ya sake ka. Ba rana, ba iska, gumi yana zuba ba ya bushewa, kamar an kife mutum a madambaci. Da azahar ta yi, gardamar alƙibla ta ɓarke, kowa na nuna inda zuciyarsa ta ba shi, don ba wanda ya ga rana balle inuwa. Wani Basakkwace da muke kira Ustaz ya rantse gabas na bayanmu. Da aka fito da kamfas ɗin Dakta, sai ga shi da mun bi shi da tekun Kalaba muka fuskanta.

Aikin da ya kai mu shi ne awon itatuwa. A kewaye fili da igiya, a ba kowace bishiya lamba, a auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum. A takarda wannan ko ɗan firamare zai yi. Matsalar ita ce manyan itatuwan kurmi ba su da gindi irin na kuka ko tsamiya. Ƙasar wurin ba ta riƙe taki: ganye na faɗuwa ya ruɓe nan da nan, ruwa ya wanke abin da saiwa ba ta yi saurin zuƙewa ba. Don haka saiwoyin ba sa nutsawa can ƙasa, a sama-sama suke bazuwa, wasu kuma su taso daga jikin bishiyar, faffaɗa, a tsaye, suna tokare ta don kada ta faɗi. Na bishiya mai lamba 14 sun fi ni tsawo. Ƙa'ida ta ce irin wannan sai an hau an auna daga inda saiwoyin suka ƙare.

Dakta ya ce, "Wa zai hau?"

Na ce ni. Ina da bashin dariya da zan biya.

Na tsaya a gindin ina gyara igiyar awo, ina ba Ustaz umarni da murya mai ƙarfi don a ji. Akwai wani baƙin layi da ya ratsa ta ƙarƙashin ƙafata, na ɗauka jiƙaƙƙiyar saiwa ce. Kwarkwasa ce. Su waɗannan ba su da ido, amma suna tafiya miliyoyi a jere, ƙanana a tsakiya, masu manyan kawuna a gefe suna gadi. Abin da ban yafe musu ba shi ne munafunci. Ba wadda ta cije ni a ƙafa. Shiru suka hau, ta cikin wando, suka rarraba wa junansu unguwanni, sai da na ɗare saiwar na miƙa hannu na zagaya igiya, sannan suka fara aiki a tare.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na kira sunan Allah, na kira innata, na diro ina tsalle ina marin cinyoyina.

Jagora, ko gezau, ya ce, "Malam, cire wando."

Na ce, "A gaban mata?"

Ya ce, "To bar shi."

Ban bar shi ba. 'Yan matan dai sun yi halin girma sun juya baya, sai dai kafaɗunsu na ta rawa. Ustaz ya durƙusa yana tsince mini su ɗaya-ɗaya yana "sannu, ɗan'uwa" hawaye na zubo masa don dariya. Masu manyan kawunan nan in ka ja, jikin ne ke tsinkewa, kan yana nan maƙale da fatarka. Ana cikin haka Dakta ya matso da littafi a hannu, ya gyara gilashi, ya ce, "Kafin ka sauko, nawa igiyar ta nuna?"

Masu takalmin roba da suka tura wando cikin safa ba wanda aka ciza. Ni dai har gobe sa'a na ɗauke ta.

Da dare na buɗe kilishin da aka yi mini guzuri, na tarar fumfuna ta riga ni. Na shanya wandona a ƙasa, jagora ya ce in ɗauke, akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, tsutsar ta shige fata ta yi maruru, kuma guga ce kawai maganinsu. Haka na zauna da dutsen guga na gawayi a tsakiyar kurmi ina goge wandon da ya ci amanata. Can cikin dare wani abu ya fara ihu daga saman itace, yana yi yana ƙara ƙarfi, sai ka rantse mutum ake shaƙewa. Ustaz ya tofe kusurwa huɗu na tanti da addu'a, mu muna amin da gaske. Da safe aka ce mana wata 'yar dabba ce dangin rema, ba ta fi zomo ba, kuma ganye take ci.

Ruwa kuwa ya sauko mana muna tsakar aiki washegari. Duk abin da na rubuta da biro ya narke ya zama shuɗin tabo. Littafin wata 'yar Zariya da ta bi umarnin fensir ne ya ceci rukuninmu, ta kuma sa na saya mata lemo kafin ta ba ni in kwafa. A rahoton da muka miƙa kowace bishiya na da awonta, ban da guda, wadda aka rubuta "ba a kammala ba" a gabanta, Dakta ya zagaye wurin da jan biro ya rage mana maki.

Saboda haka in cikinku akwai ɗalibin da za a kai Oban, don Allah ya tura wandonsa cikin safa, ya dubi ƙasa kafin ya dubi sama, ya auno mini bishiya mai lamba 14. Igiyar awon ma tana can na bar ta a jikinta.