Hular Kwano Mai Kai Rahoto

Duk wanda ya san ni ya san ba na raina babur ɗina. Boxer ne tsoho, wanda sai an lallashe shi da safe kafin ya tashi, amma in na hau shi ji nake daga Hotoro har Kabuga babu kamar ni. Kallon YouTube da daddare ne ya lalata ni. Na ga Turawa a kan manyan babura suna ratsa duwatsun Alps, kowa da hular kwanonsa, suna hira da juna alhali akwai tazara a tsakaninsu, wannan ya ce a yi hattara da kwana, wancan ya fashe da dariya. Nan take na ce wallahi ni ma sai na yi. Ban tsaya tunanin da wa zan yi hirar ba. Tun 2013 aka hana goyo a babur a birnin Kano, balle in ce uwargida zan ɗauka muna tafe muna taɗi, ita da ko a gida cewa take surutuna ya ishe ta.

Kafin ka ce kwabo na zama shehin malami a fannin. Na gano kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar: Cardo, waɗanda suka fitar da irin wannan na'urar hira ta masu babur tun 2004, da Sena ta Koriya ta Kudu. Na haddace bambancin Bluetooth da mesh. Ita Bluetooth a jere take ƙulla mutane, na farko da na biyu, na biyu da na uku, in na tsakiya ya tsaya shan mai, zance ya yanke. Mesh kuwa, wadda Cardo suka kawo a 2015, kowa a haɗe yake da kowa har mutum 15, wanda ya ɓace in ya dawo ita da kanta za ta mayar da shi cikin hirar. Kullum sai na je majalisa na zube musu wannan karatu, har da batun lasifikar JBL da ta Harman Kardon, bayin Allah da shayi kawai ya kawo su. Sai da na gama cika baki sannan na duba farashi: kusan dala 400 guda ɗaya, kuma guda ɗaya ba ta tsinana komai, sai biyu. Da na juya kuɗin zuwa naira, na ga sai dai in sayar da babur ɗin in zauna a tsakar gida da hula a ka ina hira da kaji.

Sai na gangara kasuwar waya. Wani yaro ya ciro min kwali mai sheƙi, an rubuta mita 1200, mahaya 6. Bai gaya min ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya, cewa shidan haɗa su kawai ake yi, amma mutum biyu ne ke iya magana a lokaci guda. Ya ce, "Alhaji, ai daga ganinka ka san kaya." Ni da ko filin jirgi ban taɓa kai rakiya ba, wannan Alhajin ya gama da ni, ban ko nemi ragi ba. Batun inda kuɗin ya fito kuwa, in faɗa maka tsakanina da kai: gudummawar da na yi wa surukina alkawari ce, ta bikin ƙanen matata a Zariya. Na buga masa waya na ce albashi ya makara. Baba ya ce ba komai, Allah ya hore, har da sa min albarka.

A gida na gane cewa na'ura ba ta zama a kowace hula. Hulunan kirki suna da ɗan rami daidai kunne inda lasifika ke kwanciya. Tawa tun ta 2009 ce, shekarar da jami'an kiyaye haɗurra suka tilasta sa hular kwano har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, kuma da kaɗan ta fi ƙwaryar. Na cusa lasifikun a haka, suka naɗe min kunnuwa. Makirufo iri biyu ne a kwalin, mai sanda na hula mai buɗaɗɗiyar fuska, da ɗan ƙarami da ake mannawa a cikin rufaffiya. Na ɗaura mai sandan, kullum yana bakina, in na yi salati sai na ɗanɗani soso. Aminina da na zaɓa ya zama abokin hira kuwa bai taɓa mallakar hular kwano ba, shi da zanna bukar ɗinsa ne ko'ina. Ni na saya masa, kuma bai yarda ya sa ba sai da na yi alkawarin cika masa tanki. Muka tsaya a ƙofar gida muna danne-danne, fitila na wal-wal ja da shuɗi, wata mata a ciki tana ta turanci, yaran unguwa sun yi mana zobe. Da ta haɗu na ƙwala, "Kana ji na?" Ya ce, "Ina jin ka mana, ba ga ka a gabana ba?"

Ranar ɗaurin aure muka fita ta Na'ibawa, ni da babbar riga tana kaɗawa, hular kwano a sama, iskar hunturu na dukan fuska. Har Kura abin gwanin sha'awa, ina ta ba shi umarnin da bai nema ba: ga rami, ga akuya, rage wuta. Daga nan mita 1200 ta fara nuna halinta. Da tirela ta shiga tsakaninmu, shiru. Da na ƙara gudu, sai kukan iska. A Chiromawa ya ɓace min gaba ɗaya, na wuce masu rake ina ihun "Kana ji na? Kana ji na?" ni kaɗai, wata tsohuwa ta bi ni da ido tana girgiza kai don tausayi.

Bayan Kwanar Dangora na ji ɗan ƙara a kunne, sai layi ya buɗe tangaran, irin yadda bai taɓa yi ba. Na manta na haɗa na'urar da wayata, kuma takardar bayanin da ban karanta ba ta ce in kira ya shigo shi ke ture hira, bayan 'yan daƙiƙu ma da kanta take ɗagawa. Na ji alamar mutum, ban jira ya yi magana ba. Na ce, "Yauwa ɗan nema, sai yanzu? Ka ji aikin kuɗi ko? Kai, gara da na sayi wannan da in kai wa Baba! Tsohon nan duk wayonsa na Zazzagawa sai da Bakano ya yi masa dabara. Cewa na yi albashi bai shigo ba, har addu'a ya yi min!" Ban tsaya nan ba. Na kwaikwayi muryarsa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce Allah ya hore. Sai na ji tarin nan, na ainihi, a cikin kunnuwana duka biyu.

"Malam, kun iso ina ne? Liman ya zo."

Ban san ana iya durƙusawa a kan babur yana gudu ba sai ranar. Kaina ya sunkuya da kansa. Na kai hannu in kashe, na danna wajen ƙara murya. Na ce, "Baba, ina wuni," da hantsi. Na ce layi ne ya sarƙe da na wani. Ya ce, "To, madalla. Ka kula da titi." A Tashar Yari na faka ina gumi cikin sanyi, har aminin nawa ya iso yana washe baki. Wai tun Kura ya kashe tasa, kansa ne ya fara ciwo.

A ƙofar gidan bikin na zube na gaishe da surukina, kunnuwa a naɗe, shatin soso a leɓe. Baba ya juya wajen dattawan da ke kan tabarma ya ce, "Ga surukin nawa, mai na'ura." Ya sa aka kwance masa ita daga hula, ya jujjuya ta, ya tambayi nawa na saya, a gaban kowa, kuma sai da na maimaita don wani tsoho bai ji ba. Sannan ya jefa ta aljihun rigarsa ya ce, "Bar min wannan, ka riƙe ɗayar. Na ga tana kai zance nesa. Ranar da albashi ya shigo sai in ji."