Ranar Da Alƙalamina Ya Karya Farashin Albasa

Abu biyu ne mutumin Adar ba ya wasa da su: sallarsa da kuɗin buhun albasarsa. Na farkon tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Na biyun kuwa tsakaninsa ne da wasu bayin Allah da ke zaune a Abijan da Akara da Kumasi, yawancinsu ma 'yan'uwansa ne da suka tafi biɗa suka kafa gindi a can, amma da zarar an fara maganar buhu sai zumunci ya koma gefe ya jira a gama ciniki. Duk wanda zai tsoma baki tsakanin waɗannan ɓangarori biyu ya kamata ya yi alwala tukun. Ni na tsoma alƙalami, ko hannu ban wanke ba.

Ƙanen mahaifiyata shi ne shugaban wata 'yar ƙungiyar masu sayar da albasa tsakanin Keita da Tamaske da Ibohamane. Shi ya kawo shawarar cewa maimakon kowa ya yi ta ƙona kati yana kiran Abijan, a riƙa rubuta saƙo guda duk mako, a karanta shi cikin waya, a tura wa masu saye. Da aka zo tambayar wa zai rubuta, ba a yi gardama ba. Ga Mushe nan zaune ba aikin komai tun da ya bar lakwal, mutumin da ya tsufa yana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake shirya gabatarwa da gundarin magana da kammalawa.

Kawu ya ce: "Mushe, ka rubuta muna abin da za su saurara har ƙarshe."

Na ce: "Kawu, ka sa ranka a inuwa."

Ni a tunanina, mai saye ba zai san darajar albasa ba sai ya san ƙasar da ta haife ta. Saboda haka na faro daga 1984, shekarar farin da ya kwashe dabbobi ya kori maza zuwa kudu. Na bayyana yadda a wannan shekarar aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana jagoranta, hukumar abinci ta duniya tana biyan ma'aikata da hatsi da mai. Na kwatanta iyayenmu mata da duwatsu a ka suna jera su a gangaren tsaunuka, suna haƙa ramukan tare ruwa a kan faƙon da ko akuya ta daina leƙawa. Na kawo lissafin itatuwa wajen miliyan 18 da aka dasa cikin shekaru kusan ashirin, da madatsun ruwan da suka hana ruwan damina gudu, har rijiyoyin fadama suka samu abin ba garake. Da na ga alƙalami ya yi zafi, sai na tsallaka Bouza, na yaba layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska. Na rufe da gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na kasuwar Agbogbloshie a Akara. Da nake karantawa cikin waya, sai da muryata ta yi rawa a wajen matan nan masu duwatsu. Har gobe ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Amsa ta farko daga Ajame ta zo, a Abijan: "Mushe, mun ji tarihi, Allah shi jiƙan magabata. Buhu nawa na?"

Ban sa farashi ba. Ban sa yawan buhunan ba. Kalmar albasa ma sai can wajen ƙarshe ta fito, ita ma a cikin addu'a. Na Akara kuwa ya aiko cewa gaisuwata ta sauka a kango, domin tun watan Yulin 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie ta mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Duk karen motar da ke Tamaske ya san da haka. Ni da nake sauraron labaran duniya safe da yamma ban sani ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce in rage, in sa kuɗi, in kuma sa masu kwaɗayi.

To, kwaɗayi kam na sa masu. Lokacin girbi ne, tsakiyar bazara, kuma abin da idona ya gani shi na zuba a takarda: albasa tsibi-tsibi tun daga bakin fadama har bakin hanya, amalanken jakai sun yi layi, rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya cika ya batse, manoma suna rububin buhu fanko, yara suna ƙwallo da wadda ta gangaro. Na ce bana ƙasa ta yi kyauta irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba, wanda duk ya zo ba zai koma da mota rabi ba. Wannan karon an saurara har ƙarshe. An ma yi ta tura shi daga waya zuwa waya, har wani ya kira daga Kumasi yana cewa shi dai a ci gaba da ba Mushen nan takarda, ya iya magana. Na kwana ina murmushi.

Kafin kasuwa ta sake ci, masu saye sun zaftare jikka biyu a kowane buhu, kuma duk bakinsu ɗaya.

A nan ne aka zaunar da ni aka koya mini abin da kowane yaro ɗan garka ya sani. Lokacin girbi dama albasa ba ta da daraja, domin ta Galmi da ta Madawa da ta kwarin Tarka duk tare suke fitowa. Makamin mai sayarwa guda ne: ya nuna zai iya jira. Ya zuba ta a rudu, ya haƙura da wadda za ta ruɓe, har damina ta yi nisa kaya su yi ƙaranci a bakin teku, buhu ya ninka kuɗinsa. Makamin mai saye kuma shi ne ya gano cewa manomi ba zai iya jiran ba, ga bashin man injin ban ruwa, ga na taki, ga na 'yan ƙwadago. Duk cinikin albasa a kan wannan ɓoyon yake tafiya: kai kana ɓoye matsuwarka, shi yana ɓoye buƙatarsa. Ni kuma na tashi da kyakkyawar Hausa na shaida wa duniya cewa rudunmu ya cika, ba mu da wurin zubawa. Har dillalai suka samu bakin cewa tunda abin ya yi yawa haka, a ƙara tsawon hular buhu, wato tulin da ake ɗorawa a bakinsa a ɗinke, wanda manomi ke bayarwa ba a biya shi ko dala.

Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce: "Mushe, don Allah gaya mani gaskiya. Mu munka ɗauke ka aiki, ko su?"

Mai hankali da a nan ya ajiye alƙalami. Ni sai na ce ai gyara ba wuya: tunda yawa ya karya farashi, ƙaranci zai ɗaga shi. Saƙo na gaba na sa masa baƙaƙen kaya. Na ce albasa tana ƙarewa, zafi ya shiga rudu, ruɓa ta ci kaso mai yawa, wanda bai hanzarta ba sai dai ya ji labari. Na yi tsammanin za su rugo a guje. Sun rugo ɗin, amma Galmi suka nufa, wadda take bakin babbar kwaltar Yamai zuwa Damagaram, inda mota ke lodi ta juya ba tare da ta hau duwatsunmu ba. Wa zai aiko babbar mota har Keita ta ɗauki ruɓaɓɓen kaya? Wani ma aiko wa Kawu ya yi da jaje.

Makon nan ban bi ta gaban tashar lodi ba. Ta bayan masallaci nake zagayawa. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya na rubutuna ba, ta ce ita dai a daina aiko mata yara suna tambaya ko gaskiya ne albasar gidanmu ma ta ruɓe.

Wanda ya fitar da ƙungiya kunya wani yaron mota ne da ko aji uku bai gama ba. Kawu ya miƙa masa waya a gabana, da gangan nake zato. Yaron ya yi sallama, ya ce ga buhu kaza a Tamaske, jar albasa ce 'yar Galmi, ta bushe, wuyanta ya kame, matsakaiciya ce ba manya masu ruwa ba. Ya faɗi kuɗi. Ya ce mota za ta tashi ran Laraba in Allah ya so, ya faɗi sunan direba, ya ce Alhaji, wato Kawu, shi ne ya tsaya a kan kayan, wanda ya buɗe ya ga ba haka ba ya kira Alhaji. Sai ya ƙara da cewa an yi yayyafi a Garhanga, kuma matar wane ta sauka lafiya, namiji. Ya kashe.

Ina zaune ina ƙirga laifuffukansa. Babu gabatarwa. Jimla ɗaya ba ta da aikatau. Ya maimaita "ka gane" har ban san adadi ba. Da a ajina ne, da jan alƙalami ya ƙare a kansa. Ban gama lissafin ba waya ta fara ruri, kuma ba ta huta ba sai bayan la'asar.

Na daɗe ina jin haushin yaron nan kafin in yarda ya fi ni sanin mai sauraro. Mutumin da ke Ajame ya kwana da tambayoyi a ransa: nawa, ina, yaushe, wa zan kama in an cuce ni. Wanda ya amsa masa su a numfashi ɗaya shi ne gwanin magana a wurinsa. Yaron bai ce kaya sun yi yawa ba, bai ce sun yi kaɗan ba, abin da ke gabansa kawai ya faɗa, bai ba kowa sandar dukan Kawu ba. Labarin yayyafi da na haihuwa kuwa, wanda na ɗauka shirme ne, shi ne ɗan gishirin da ke sa ɗan Adar da ya shekara goma a bakin teku ya buɗe saƙon mako mai zuwa tun kafin ya buƙaci albasa. Ni ma gida na so in tuna masu, sai dai na kai su 1984 na manta ban dawo da su ba.

Ba a kore ni ba, Kawu ba ya korar ɗan 'yar'uwarsa. An dai canza mini kujera. Yanzu yaron ke magana, ni ina riƙe littafi ina rubuta lambobi, in ya manta ranar tashin mota in taɓa shi. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 an ƙara layi guda a saƙon, na halin da hanya take ciki, kuma shi ne layin da aka fi tambaya. Na taɓa gwada saƙa karin magana guda a ƙarshensa, Kawu ya ce in ajiye ta sai ranar suna.

Ladan aikina na bana kwano biyu ne na albasa, ita ma wadda ta fara tsiro.