Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Firinta Mai Baki Inci 17

Ranki ya daɗe,

Da fatan kin tashi lafiya, babu toshewar tawada, babu ƙyaftawar jar fitila. Maganar takarda ce ta kawo ni. Tunda ba kya amsa wa kowa sai ta ɗan gilashin nan na goshinki, na ga gara in yi miki a rubuce.

Hajiya, waɗanda suka ƙera ki sun ba ki baki mai faɗin inci 17, wato santimita 43 da 'yar ɗoriya. Takardar A2 mai faɗin santimita 42 tana shiga salin-alin, babu mai ja da wannan. Amma da za ki leƙa kasuwa, sai ki tarar abin da mai shago ke miƙowa sau da yawa naɗi ne na manyan injuna, mai inci 24 ko mai 44. Wasu takardun ma ba a yin su a girmanki sam. Mai hoto kuwa ya iya lissafi. Naɗi mai 44 zai ba shi 17 guda biyu, ga rarar inci 10. Mai 24 zai ba shi ɗaya, ya bar masa wani siririn inci 7 da ba ya aikin komai sai hoton fasfo da gwajin launi. Da ya ga riba a kan takarda, sai ya ajiye kyamara ya nufi wurin kafinta.

Ki saurari abin da kike sa dattawa suna yi. A naɗe wurin yankan da salatif tamau don kada gefen ya yage. A auna, a zana layi ya zagaye naɗin. A nemo zarto mai ƙananan haƙora, a tuna cewa bakinsa kaɗai yana cinye kamar milimita 3, saboda haka wanda ya saro daidai kan layi ya riga ya rage miki rabo. A sauko a hankali har a ratsa bututun kwalin tsakiya, mai inci 2 ko 3. In aka yi garaje, zafin zarto ya narkar da siririyar ledar da aka shafe takardar hoto da ita, gefuna su manne da juna, a kwana ana ɓamɓara. A masana'anta ba haka ake yi ba. Can warware naɗin ake yi, takardar ta bi ta tsakanin wuƙaƙe masu zagaye marasa haƙori, a sake naɗe ta tas. Kafintan unguwarmu kuma, Allah ya ƙara masa buɗi, zartonsa daga ƙafar gado ya taso.

To an yanka, an goge, an hura, an kawo miki. Ko sannu. Wannan ɗan idon naki mai laluben gefen takarda ya duba, ki ce ta karkace. A ciro a sake sa wa, ki ce ta karkace. In an roƙi hoto mai cika takarda har bakinta, ki ce ba ki san wannan faɗin ba. Na san hujjarki: soson da ke tsotse tawadar da ta wuce gefe an dasa shi ne a wasu wurare ƙayyadaddu, in faɗin bai faɗa kansu ba tawada za ta ɓata miki ciki. Hujja ce, na yarda. Amma a kan milimita biyu, Hajiya?

Babbar masifar ma ƙura ce. Garin takarda yana laɓewa tsakanin ninki, ya hau fuskar hoton kafin tawada ta iso. Tawada ta sauka a kansa, ya bushe, ya faɗi, ya bar farin ɗigo. Kuma ɗigon nan bai san sararin sama ba, bai san labulen baya ba, sai kan hancin amarya. Wanda ya tsira daga hancin amarya ya wuce ya toshe kan da ke fesa tawada. Nan ke kuma ki nemi wanka, ki kwankwaɗi tawada mai tsada ki zubar a akwatin sharar cikinki. Ribar da aka je nema wurin kafinta ta bi ruwa, har da kuɗin kafintan. Ga hunturu yana nasa aikin ta ƙarƙashin ƙofa, ba a gayyace shi ba.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce mai tsirfa. Tsofaffin injinan wankin hoto masu aiki da takardar RA-4 sun fi ki, domin takardarsu ko jar fitila ba ta jurewa, sai a duhu ƙirin ake taɓa ta. Wanda ya yi niyyar kunna zarto a duhu, ya ƙirga yatsunsa kafin ya fara.

Buƙatata ba ta da yawa. In gefe ya ɗan yi gezar da ido ba ya gani, ki kau da kai ki karɓa. In inci 17 ya gaza da kaurin farce, ki yi haƙuri irin na manya. In kuma kin ƙi, ina sanar da ke cewa na fara tambayar farashin mai baki inci 24, kuma kishiya ce mai zuwa da ƙafafunta na ƙarfe. Na auna shagon, ba zai ɗauke ku ku biyu ba.

Naki mai biyayya,
Wani mai hoto da garin takarda a gemu