Masu Ɗauko Hoto a Rumbun Intanet

Zauna rabin yini a shagon masu zana fosta da katin biki, za ka gane halin kowa daga hoton da ya ɗauko.

Akwai ɗan ba-ruwana. Shi ne zai shiga Shutterstock, rumbun da Jon Oringer ya kafa a 2003, ya kwafi hoton gwaji da tambarin kamfanin a kansa, ya buga ƙatuwar bana. Sai ka ga tallan makarantar firamare, sunan Shutterstock ya ratsa goshin yaro. In ka yi magana ya ce, "Ai daga nesa ba a gani." Daga nesan ma aka fi gani.

Na kusa da shi ya fi wayo, a ganinsa. Yakan kwana yana kankare tambarin da Photoshop, ya ƙona man janareta fiye da kuɗin lasisin, alhali sau ɗaya ake biya a yi ta amfani da hoton. Ga kuma Pexels da Pixabay, waɗanda Canva ta saya, da Unsplash, duk suna bayarwa kyauta. Shi dai bai yarda da kayan kyauta ba, na sata ya fi masa kwarjini.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai son Turawa. Mai fura da nono ta kawo aiki, sai ya liƙa mata Baturiya mai farin gashi riƙe da kofin madara. Mai sayar da takin zamani ya samu mutum biyu cikin kwat suna musafaha. Tallan kemis kuwa, likita na murmushi, ga dusar ƙanƙara ta taga, kuma a Gusau za a kafa allon. Ba laifinsa kaɗai ba ne, nemi manomi da garma da hular malafa a rumbun ka ga wahala. Amma shi ko nemansa ba ya yi.

Wani kuma ya sa dattijon nan ɗan Hungary, András Arató, a tallan adashe, bai san duniya ta daɗe da mayar da murmushin yaƙensa abin barkwanci ba.

Sai Alhaji mai aikin. An nuna masa hotuna masu kyau, ya tura hula gaba, ya ce, "Yaro, cire duka, sa nawa." Ya turo shi ta WhatsApp, dishi-dishi, da rabin kafaɗar wani a gefe.