Fanka Ɗaya, Ƙorafi Kala-Kala

A 1970 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Ole Fanger, ya fitar da lissafin auna jin daɗin mutum a cikin ɗaki: zafin iska, hucin bango, laima, kaɗawar iska, tufafi da yawan motsi. A lissafin nasa, ko an daidaita komai, mutum 5 cikin 100 sai sun yi ƙorafi. Sai dai bai sa halin da zuciya ke ciki ba. Mai son ganin aikin zuciya ya leƙa ɗakin karatun jami'a a Kano cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40.

Akwai mai jarrabawa gobe. Rabonsa da littafi tun farkon zango. Gabansa na dukan uku-uku, tafin hannunsa ya jiƙe har biro na suɓucewa, amma wai laifin fanka ne: "Wallahi wuta take hurowa!" Takardar da ya kamata ya haddace ita ce maficinsa.

Gefensa, ƙarƙashin fankar nan dai, ga wanda Baba ya turo wa kuɗi da safe. Ya sha shadda mai sitati, ya kafa hula, ko gumi bai goge ba. Ka tambaye shi gari, ya ce, "Ai yau da dama-dama, alhamdu lillahi."

Sai wadda aka ƙi ɗaga wa waya tun jiya. Ta ƙudundune cikin hijabi, shafi ɗaya take kallo tun azahar. "Don Allah Malam, a ɗan rage fankar nan, sanyi nake ji." Da wayar ta yi haske, ciwo ya warke, ita ce mai tashi ta buɗe taga.

Ga kuma sarkin makunni, wanda sakamako ya fito aka ce ya maimaita kwas. Ba shi da ta cewa gaban malami, sai ya bar jaki yana dukan taiki. Ka kunna ya kashe, ka kashe ya kunna, yana harara ko wani zai tanka.

Ɗan garau-garau shi kam ba ya faɗa da kowa. Ya cika ciki, ya yi matashi da ƙamus. In zafi ake, kasala ce ta kama shi. In iska ta kaɗa, daɗi ne ya yi yawa. Duk hanyar barci ce.

Can ƙurya akwai wanda karatun ya shige shi. Ko da aka ɗauke wuta daga baya, rigarsa ta manne a baya, bai sani ba sai da aka kira la'asar.

Zafin Afrilu gaskiya ne, ba mai musu. Amma ma'aikacin ɗakin karatu, in ɗalibi ya kawo maka ƙara, kafin ka nemo mai gyaran fanka, fara tambayarsa: "Yaushe ne jarrabawarka?"