Ƙa'idojin Saƙa Hular Sanyi Mai Launi Biyu a Gaɓar Tafkin Kainji

Hunturu yana shigowa ƙasar Yauri daga ƙarshen watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas take tasowa daga Sahara ɗauke da hazo, ta ratsa Shanga da Yelwa da Ngaski, sannan ta sami fili a kan Tafkin Kainji inda babu itace ko katangar da za ta tare ta. Tun da aka gina madatsar ruwa a kan Kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 1,300, aka sake tsugunar da mutum wajen 44,000 a sababbin garuruwa, Gungawa da Kambari da Lopawa da masuntan Sarkawa suka zama maƙwabtan wannan faffaɗan ruwa da iskarsa. Masuncin da yake ɗaga raga da asuba, da manomin albasa da yake ban ruwa kafin rana ta fito, da ɗan acaɓan da yake bin hanyar Wara, duk sun san cewa sanyi daga kunne yake fara gaisuwa. Saboda haka hular sanyi ta cancanci a yi mata bayani mai tsari, musamman mai launi biyu, wadda ta fi sauran ɗumi da kyan gani, ta kuma fi su jawo wa mai saƙa roƙon dangi.

Fasali na ɗaya: Ma'anar saƙar goyo

Kwarashi shi ne tsinken ƙarfe ko na roba mai lanƙwasasshen baki da ake jawo zare da shi, kowane madauki da aka kammala da shi kuwa ana kiransa ido, jerin idanu da suka kewaye hula sau ɗaya shi ne zagaye. A saƙa mai launi biyu ana tafiya da zare biyu a zagaye guda, ɗaya yana aiki a fuskar hula, ɗayan yana biye da shi ta ciki har lokacinsa ya zo, kuma wannan zaren da yake jira shi ake nufi da goyo a cikin wannan bayani. Hukuncinsa hukuncin jariri ne a bayan uwa: in an ɗaure shi tamau ya takura, in an sake shi da yawa ya zame, kuma duk ƙwarewar aikin tana cikin gane tsakiyar waɗannan biyu.

Wannan dabara ta shahara a duniya da sunan Fair Isle, wani ƙaramin tsibiri a yankin Shetland na arewacin Sikotland, inda iyalan masunta suke saƙa da tsinkaye, ba sa wuce launi biyu a jeri ɗaya, kuma rigunansu sun yi tashe bayan da Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya fito da irinsu a 1921. Abin da ya sa mutanen bakin ruwa suke ƙaunar wannan saƙa shi ne zaren goyo yana zama shimfiɗa ta biyu a ciki, yana riƙe iska mai ɗumi kusa da fata, don haka ado da ɗumi suke fitowa daga aiki ɗaya.

Fasali na biyu: Lokaci da kayan aiki

Sharaɗin farko shi ne a fara da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma hular da aka soma a tsakiyar Janairu takan kammalu daidai lokacin da zafin Maris ya sa kowa yake neman mafici. Watan Oktoba, da ɗaukewar damina, shi ne lokacin da ya dace mai koyo ta shiga shagon kayan ɗinki a Yelwa ko Wara, ta sayi ulu mai matsakaicin kauri, giram 100 na babban launi da giram 50 na launin ado, da kwarashi mai milimita 5, da allura mai faɗin kafa, da almakashi, da tef ɗin awo.

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwa zaren akirilik ne, wato zaren roba da ake yi a masana'anta, mai arha da saurin bushewa, amma yana narkewa in ya kusanci wuta, don haka mai bandar kifi da mai jin ɗumi a bakin murhu suna bukatar a gargaɗe su kafin a miƙa musu hula. Ulun tumaki na gaske ya fi tsada, amma yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, auduga kuwa da zarar ta sha ruwa sai ta koma bayan sanyi. Dole ne zarurruwan biyu su zama kauri ɗaya, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, kamar shuɗi da fari, domin ja da ruwan ƙasa suna haɗewa a cikin hazo har wahalar mako biyu ta koma kamar hula mai launi ɗaya. Kafin a fara, ana jiƙa guntun zare mai duhu a goga a farin ƙyalle, in ya zuba a mayar wa mai shago cikin mutunci.

Fasali na uku: Awon kai

Kan babban mutum yakan kama daga santimita 54 zuwa 58 in an zagaya tef ta goshi da saman kunnuwa, kuma awon ido ba ya cikin hanyoyin da aka yarda da su, ko da kan na maigida ne da aka shekara ashirin ana kallo. Maigida yakan ce ai kansa daidai yake da na kowa, amma dattaku ba ya maye gurbin tef, don haka sai a lallashe shi ya cire hular da take kansa ya zauna a kan tabarma na minti ɗaya, zai fi kyau bayan ya ci tuwo. Ana rage santimita biyu daga awon don hula ta kama kai, ba a wuce haka, domin saƙar goyo ba ta miƙewa kamar saƙa mai launi ɗaya.

Daga nan sai a saƙa ɗan ƙyallen gwaji da launukan biyu, a ƙirga idanun da suka cika santimita 10. In kai ya kai 57, aka rage biyu ya zama 55, gwaji kuma ya nuna ido 13 a santimita 10, lissafi zai kawo mai saƙa kusa da ido 72, adadi mai albarka da yake rabuwa da 4 da 6 da 8 ba tare da saura ba. Wadda ta tsallake gwaji don gaggawa takan gano a ƙarshe cewa hular da ta yi niyya ga mijinta ta dace da jaririn maƙwabta, kuma ko da yake wannan ma kyauta ce mai lada, kunnen masunci yana nan a buɗe.

Fasali na huɗu: Bakin hula

Ana fara saƙa daga ƙasa, da bakin da zai rufe kunne. Ana yin sarƙa, wato jerin madaukai masu bin juna, guda tara, a tsallake na farko, a yi gajeren ido takwas. Gajeren ido shi ne a soka kwarashi, a jawo zare har madauki biyu su zauna a kansa, a sake naɗo zare a fitar ta cikin biyun gaba ɗaya. Kowane ido yana da gefe biyu a samansa, na gaba da na baya, kuma in aka riƙa soka na baya kaɗai ana juyawa jeri bayan jeri, sai a sami ɗamara mai kunyoyi da take miƙewa ta dawo. In ta kai jeri 72 sai a haɗa ƙarshenta da farkonta ta zama zobe, a tabbata ba ta murɗe ba, sannan a bi gefenta da babban launi, ido ɗaya a kan kowane jeri, a ƙara zagaye biyu kafin ado ya shigo.

A nan ne babbar barazana take bayyana, wato gaisuwa. Mai saƙa tana kan ido na arba'in da uku maƙwabciya za ta yi sallama, a tambayi kwana da gajiya da sanyi da yara da mai jiki, kuma kafin a kai ga “sai haƙuri” ƙirga ya tafi. Tun da ba a yanke gaisuwa saboda hula, maganin shi ne a ɗaura guntun zare na wani launi a farkon zagaye da kuma bayan kowane ido goma sha biyu, ta yadda za a amsa wa baƙuwa da sakin fuska, a kawo mata ruwa, a dawo a tarar da lissafi inda aka bar shi.

Fasali na biyar: Ado da riƙon goyo

Zuciyar mai koyo takan raya mata ta fara da dagin Arewa, ko giwan ruwa da ƙayoyinsa, ko jirgin bikin Rigata cike da matuƙa, kuma wannan buri ne mai kyau da ya kamata a ajiye wa hula ta biyar. Na farko ya isa ya zama jerin alwatika da yake maimaituwa bayan kowane ido shida, sau goma sha biyu a zagaye: a zagayen farko ido biyar na launin ado da ɗaya na babban launi, a na biyu uku da uku, a na uku ɗaya da biyar, ana zaunar da kowane rukuni a tsakiyar na ƙasansa. Zana wannan a takardar lissafi mai gidaje, gida ɗaya ido ɗaya, ya fi dogara da ƙwaƙwalwa.

Ana canja launi ne a naɗin ƙarshe na idon da ya gabata, wato lokacin da madauki biyu suke kan kwarashi sai a saki tsohon launi a rufe su da sabon, domin in aka jira sai an gama idon, kan kowane alwatika zai fito da ɗigon da ba nasa ba. Zaren da aka saki yana komawa ciki ya zama goyo, kuma kafin a sake ɗauko shi ana buɗe idanun da aka saƙa da yatsu, a bar shi ya kwanta a bayansu daidai faɗinsu. In an ja shi, tsakiyar hula za ta tsuke ta bar shaida a goshi, mai ita ya riƙa ɗora wa hunturu laifin ciwon kai. In an bar shi ya wuce ido uku ko huɗu ba kamu, zai zama tarkon yatsa da ɗan kunne, don haka a tsakiyar ido biyar ana ɗora shi a kan jerin a saƙa ido ɗaya ta kansa. Ana ajiye ƙwallon zare ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne a cikin kwanonsa mai murfi, domin kada su sarƙe, kuma domin ɗan akuya da yaro mai rarrafe suna da ra'ayi ɗaya game da ulu.

Gajeren ido da aka saƙa a zagaye yakan karkata kaɗan zuwa gefe, kuma soka gefen baya kaɗai yana rage karkatar. Bayan kowane zagaye uku ana juya hula a duba cikinta, a sa hannu biyu a buɗe ta, domin cikin hula shi ne alƙalin aikin. Warware zagaye biyu yau ya fi warware goma gobe.

Fasali na shida: Rufe ƙoƙuwa da kulawa

In tsayi ya kai santimita 16 daga baki sai a yanke launin ado, a raba idanu 72 gida takwas, a haɗe ido biyu su zama ɗaya a ƙarshen kowane gida, adadi ya sauko 64, sannan 56, har ya kai takwas, a zura allura ta cikinsu a tsuke, a ɓoye jelar zare a ciki. Tuntu a ƙoƙuwa ya dace da yara, dattijo kuwa a nemi izininsa tukuna. Ana wanke hula da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a matse ta cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa, domin rataya tana ja ta ta yi tsawo har ta sauko kan hanci.

Saura mas'ala ta ƙarshe, wadda ba ta da magani a cikin kwarashi. Ranar da hula ta fita masallaci da asuba, kafin hantsi ƙanin miji zai leƙo ya ce, “Yaya, tawa fa?”, jika ya ce, “Kaka, ni ja nake so,” goggo kuma ta aiko daga Shanga da awon kawuna huɗu a jikin igiya. Mai hankali takan karɓi kuɗin ulu tun kafin ta ɗauki alkawari, ta fara da waɗanda suke fita ruwa da tsofaffi da ƙananan yara, sannan ta sayi kwarashi na biyu ta zaunar da duk wanda ya fi kowa naci, namiji ko mace, ta sa shi ya yi sarƙa tara da hannunsa, domin unguwar da take da masu saƙa uku ta fi ƙarfin Janairu.